Inda Bado Ta Ɓuya

Makon jiya muka binne Yaya Habu. Da tafiyarsa, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ji tatsuniyar Bado daga bakin Kaka Dije, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Ƙauyenmu yana bakin fadama, gabas da Haɗejia. A lokacin Turawa suna shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Nguru, maza da yawa sun tafi can aiki. Bayan magariba mukan kewaye murhun Kaka, tana tura kaba a wuta. Idanunta sun riga sun dushe, amma bakinta garau.

"Ga ta nan tafe, da laka a ƙafarta," haka take farawa.

Mu ce, "Ta shigo, ma wanke mata."

Bado, in ji Kaka, autar Kogi ce. Da rani ya yi, Kogi ya naɗe kayansa ya nufi gabas, kifaye suka bi shi, Bado ta ce ba inda za ta. Rana ta rantse sai ta ƙone ta. Ta ƙone ganyen, ta ƙone furen, amma ta nemi Bado ta rasa. Ta tambayi goriba mai kai bakwai, goriba ta ce a tambayi tsamiyar da tsawa ta tsaga. Tsamiya ta tura ta wajen jan suri. Suri ya yi shiru, domin Bado tana kwance a kwarin da ke bayansa, ƙarƙashin busasshiyar laka, tana barcinta. Da Kogi ya dawo, sai ga ta bisa ruwa da farin ɗankwali.

Habu yakan ce, "Kaka, kullum Bado? Ba ki da wata?"

"Angona, kai kullum tuwo kake ci, ban ji ka yi ƙorafi ba."

Sai shekarar fara ta zo. Ta cinye gero, ta cinye dawa, ta bar mana kara. Kafin bazara rumbu ya ƙare. Mutane suka tone tafkunan kusa suna neman saiwar bado, mai kama da gwaza, har ba a samun ko ɗaya. Abin da ya rage a gidanmu tulu guda ne na irin jar shinkafa, wadda ke miƙe wuya ta bi ruwa komai hawansa. In an ci shi, ba shuka.

Wata safiya Baba ya ce a kawo turmi. Kaka ta lallaɓa ta zauna a kan tulun.

"Inna, yara kwana biyu ba su sa komai a baki ba."

Ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Ta ce, "Wannan, ka ba ni yau kawai. Ɗauki fartanya ka bi Hajo." Ni ke nan. Ta juyo wajena. "Ke, wa Rana ta fara tambaya?"

Na ce goriba.

"To, je ki gaishe ta."

A nan na gane. Goriba mai kai bakwai tana nan a bayan makiyayar shanu, mun sha wuce ta. Na shige gaba, Baba da Habu suna biye. Daga gindinta muka hango tsamiya a tsage. Jan surin ne ya ba mu wuya, har rana ta take, Baba ya ce mu koma. Habu ya hau tsamiyar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna da hannu.

Kwarin ya bushe ya tsattsage, ba alamar rai. Sara na huɗu fartanya ta fito da dunƙule baƙi. Baba ya ɓare shi, cikinsa fari, da danshi. Saiwar bado ce. Ya zauna a ƙasa.

Kwarin nan ya riƙe gidanmu da maƙwabta har ruwa ya sauka. Ashe Kaka ta yi tono a wurin tana yarinya, a wata yunwar, ta sa hanyar a tatsuniya don kada ta tafi da ita kabari. Muka shuka tulun duka. Ruwa ya hau sosai a shekarar, shinkafar ta bi shi. Kaka ta ci sabuwar, ta ce gishiri bai ji ba. Ba ta ga wata damina ba.

Na daɗe ina ɗauka labarin abinci ne. Yanzu da na binne mutane da yawa, na fi tuna yadda kwarin ya yi kama da matacce. Shinkafar da aka dafa ran sadakar ukun Habu jikar tulun nan ce. Da yamma jikokinsa suka zauna jugum a tsakar gida. Na kira su, na ce ga ta nan tafe, da laka a ƙafarta. Ba su san amsar ba, sai na koya musu.