Tantan a Rumfar Shanun Malam

Jiya da safe ɗana yana wanke motar mahaifinsa a tsakar gida, ya ɗaga bokiti ya sheƙa mata ruwa. Ƙarar ruwan nan a kan ƙarfe ce ta tsayar da ni da ludayi a hannu. Ban san lokacin da na ce masa ya bi a hankali ba. Ya dube ni yana dariya, wai ruwa ne fa kawai. Ban ga laifinsa ba, ai bai san kakana ba.

A wani ƙauye kusa da Fassi na taso, ƙasar Kibiya, a babban gidan da kakana ke riƙe da shi. Malam muke ce masa, mu da iyayenmu. Yana da shanun huɗa biyu, kuma da za ka ce ya fi son su a kan wasu daga cikin jikokinsa, ba mai yi maka gardama. Kullum bayan sallar asuba sai ya shiga rumfarsu ya cire musu kaska, ya wanke su da ruwan rijiya, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Kakata takan ce ita da aka biya wa sadaki ba ta samu rabin wannan hira ba.

Mahaifina ne ya zo da maganar tantan, motar noma. Ya daɗe yana tuƙa ta wani Alhaji a Rano, sai ya ji labarin wata 'yar ƙarama ta hannu da za a sayar. Abin hannunsa ba zai kai ba sai an haɗa da shanun. Rani guda suka yi suna ja-in-ja, daga ƙarshe Malam ya sakar masa. Ranar da aka kora shanun kasuwa bai fito zaure ba. Da yamma ya kira mahaifina ya ce, "Na ba ka. Amma hatsin gidan nan na bana yana wuyanka."

Aka kawo tantan ɗin, ja ce da ta koɗe, da garma a rataye a bayanta. Ba wurin ajiye ta sai rumfar shanu, gefen turke. Mahaifina ya koma Rano don ya ƙarasa wa Alhaji aiki kafin ruwa ya sauka. Da farko Malam ko kallon ta ba ya yi. Sai wata safiya na fito shara na ji ƙarar ruwa a kan ƙarfe. Na leƙa, ga Malam ya naɗe hannun riga yana kwara mata bokiti tun daga hanci har kujera, bakinsa yana motsi. Washegari ma haka, jibi ma haka. Matan gidan duk sun sani, kuma murna suke yi. Mahaifiyata ta ce tsoho ya huce, kada wanda ya tanka masa ya ji kunya ya daina.

Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta yi wannan ƙamshi nata. Mahaifina ya dawo, ya tayar da tantan, mu yara muka bi ta a guje har gona. Ya yi kunya biyu ko uku, ya kai ƙarshen gona ya ja liba don garma ta ɗaga ya juya. Ta ɗan taso tana karkarwa, wani abu yana kuka a ƙarƙashin kujera, sai ta koma ta zauna a ƙasa. Bai gama mamakin wannan ba injin ya fara tari, ya fesa farin hayaƙi, ya mutu. Dama da hagu maƙwabta suna ta huɗa da shanunsu, suna yi masa sannu.

Shanun maƙwabcinmu ne suka jawo ta gida da igiya, ta gaban Malam yana zaune a ƙofar zaure. Da ma ya yi faɗa, da ya fi sauƙi. Mahaifina direba ne, ba makanike ba. Ya duba batir, ya kakkaɓe filtar iska, ya yi ta murza makulli har batirin ya gaji. Rana tana ta shanye damshin gona, hayar shanu kuma ba ta samuwa sai kowa ya gama tasa. Ni ke kai masa tuwo, ni ke dawowa da shi kusan yadda na kai. Ban taɓa jin tausayin babba irin na lokacin ba.

Aka ɗauko makanike daga Rano a kan babur, wani dattijo marar yawan magana. Ya kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin filtar gas ya juye a kwalba, ya ɗaga ta ga haske. Gas a sama, ruwa kwance a ƙasa. Ya zagaya baya ya zaro ƙarfen gwajin man haidirolik, wato man da ke ɗaga garma. Maimakon ya fito garau, sai ya fito fari-fari da kauri kamar kunun gyaɗa. Ya nuna robar gindin giya da ta tsage, da murfin tanki da ba ya rufuwa sosai.

"Wannan ba ruwan rana ɗaya ba ne," in ji shi. "Wa ke yi mata wanka?"

Malam yana zaune a kan buzunsa, carbinsa ya tsaya. Na ga mahaifina ya dubi bokitin da ke kife kusa da turke, ya dubi mahaifinsa, ya kau da kai.

"Ruwan sama ne," ya ce. "Ni na yi sakaci da ita."

Makaniken ya ɗaga kai ya ƙare wa kwanon rumfar kallo, ko huda ɗaya babu. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye gaba."

Ya tsiyaye man gaba ɗaya a tsohon bahon kakata, wanda ta ce ta yafe har abada. Ya ciro rariyar famfo ya wanke ta da gas, ya zuba sabon mai, ya juye tanki, ya sa sabuwar filta da sabuwar roba. Sannan ya sassauta wani noti yana danna ɗan famfon hannu, kumfa tana fita, har gas ya zo zalla. Injin ya yi gardama kaɗan ya kama. Aka ja liba, garma ta tashi cak ta tsaya.

Kafin mahaifina ya fita da ita, Malam ya kira shi. "Kwanon nan ni na buga shi, ba ya yoyo." Mahaifina ya sunkuyar da kai. Can Malam ya ƙara da cewa, "Shanuna ba su taɓa ƙin wanka ba."

Mahaifina ya durƙusa ya nuna masa ɗan kofin filtar. "Malam, ita kaskarta a nan take taruwa. In za ka riƙa zubar mata da ruwan nan da safe, ka goge ta da busasshen tsumma, ka gama mata komai."

Gero ya makara a shekarar, amma dawa da gyaɗa sun rufa mana asiri. Malam kuwa ya riƙe kofin nan da tsummansa har ƙafafunsa suka daina kai shi rumfa.

Yanzu ba Malam, tantan ɗin ma 'yan gwangwan sun auna ta tuntuni. Masu hali haya suke ɗaukowa, direba ya yi huɗa ya wuce, ba wanda ya san lafiyar motar. Mahaifina ya tsufa, a rumfar nan yake wuni. Da na je gida da sallah na tambaye shi me ya sa ya ɗauki laifin ranar, alhali kowa ya san gaskiya, kuma saura kaɗan mu rasa damina.

Ya daɗe yana kallon turken. Ya ce, "Ke wanka kika gani. Ni a ranar na san ya yafe mini shanunsa."