Alhaji Mamman da Lambar Ƙorafi

Ku da kuka san Alhaji Mamman, wa ya taɓa shiga ɗakinsa bai ga yatsan nan ba? Kafin ya amsa sallama sai ya shafa bakin taga, ya ɗaga yatsa ya duba ƙura, ya ba da makin tsafta, ya ce, "Uku bisa ashirin!" Shekara talatin yana duba-gari a Maraɗi. Shanyewar ɓarin jiki ce ta ajiye shi a gidan kula da tsofaffi na wajen McLeansville a Amurka, a shekarun dubu biyu da 'yan kai, inda nake yi wa tsofaffi wanka ina ba su abinci. Ni kaɗai ce mai jin Hausa a gidan. Ɗansa na Texas, sai dai waya.

Kai, mutumin nan ya gasa mana aya a hannu! Na kawo masa markaɗaɗɗen dankali, ya shinshina.

"Hadiza, wannan abinci ne ko siminti?"

"Baba, likita ne ya rubuta."

"To a kai wa likitan ya ci."

Ranar da ma'aikatan jiha suka zo binciken shekara, ya zura babbar riga ya bi su a kekensa na guragu. Suka auna zafin ruwa, suka leƙa firji, suka duba takardun magani, suka ce lafiya lau. Ya ce in fassara musu: "A Faransa fayil ake karantawa, ku kuma firji kuke karantawa. A Maraɗi maƙwabta ne sufetoci. Ka bar tsohonka shi kaɗai, kafin azahar kasuwa ta ji." Na ce musu yana yi musu sannu da aiki. Ina son aikina, wallahi.

Sai kuma ya gano lambar ƙorafi da ke manne a bango. Shi ke nan, mun shiga uku! Bargo ya yi kauri, ya buga waya da guntun Ingilishinsa. Miya ba gishiri, ya buga. Duk bugu sai an turo wata baturiya ta zo ta ji ba'asi. Manaja ta fara hararata, tana zaton ni ke zuga shi. Rannan raina ya ɓaci.

"Baba, don Allah me muka yi maka? Za ka sa a kore ni!"

Ya dube ni, ya ce:

"'Yata, matar nan kujera take ja ta zauna. Ta tambaye ni, ta jira in gama magana. Ke a tsaye kike gaishe ni, hannunki a kan ƙofa."

Kunya ta kama ni. Na yi masa alkawarin ran Lahadi zan zo ba yunifom, in dafa shayi, mu zauna. Lahadi ta zo aka ba ni obataim, wato ƙarin aiki da ƙarin kuɗi, na karɓa, na ce masa sai mako mai zuwa. Ya ce, "Ba komai, ina nan."

Ran Laraba ya rasu.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa kewa ta ƙare masa. Ni kuma Ya yafe mini Lahadin nan.