Fartanyar yayana

Shekarar da yayana ya samu taɓin hankali, Gyadi-Gyadi 'yan gidaje ce da gonaki a bayan gari. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, tun daga nan barci ya ƙaurace masa, yana yawo yana surutai. Ranar da ya kifar da ƙwaryar wata mai nono, mai unguwa ya ce ran Juma'a za a sa masa mari a ƙafa. Har ya aika wa maƙerin Tarauni ƙarfen.

Na ga waɗanda aka sa wa mari. Ƙafa ta ruɓe, hankalin bai dawo ba. Na rantse ba za a yi wa ɗan'uwana haka ba.

Masu yi masa magani kuwa ba sa ga maciji. Malamin da ke ba shi rubutu ya hana ƙwayar asibiti. Malamin asibiti, wani Bayarabe Kirista mai keke, ya hana rubutu. Ni kuma, don wauta, ina ɓoye wa kowanne maganin ɗayan, yau ƙwaya, gobe rubutu, ba wanda ya yi masa aiki.

Ran Laraba na bi su ɗaya bayan ɗaya, har maƙerin, na tara su a zauren mai unguwa. Bazawara ce ni lokacin, bakina ba ya shiru. Na durƙusa na ce, "Baba, ku huɗu ne, shi ɗaya. In kun ɗaure shi, ku kuka gaza."

Sai malamin asibiti ya ce, "Malam, ƙwayata ta barci ce. Ka ɗauki safiya, ka bar mini dare."

Malam ya shafa gemu. "Sunan Allah ba ya faɗa da barci."

"Rana fa?" in ji maƙeri. "A kawo mini shi ya yi zuga. Zaman banza ke cin sa."

Mai unguwa ya ba mu wata ɗaya. Kullum da safe ni ke raka shi Tarauni. Wata rana ya turje, na yi kuka, na yi masifa, mu tafi. Bai warke sarai ba, ba zan yi ƙarya ba, amma ya yi barci, ya koma sallah cikin jam'i.

Da damina ta faɗi, maƙeri ya miƙo masa fartanya. Ƙarfen marin ne, kuma yayana ne ya zuga wutarsa.