Sakan Biyar na Dinatu Toma

Kowace safiya ban da Lahadi, Dinatu Toma takan hau bas daga Samaru da jakar sukudireba a cinya, ta sauka Sabon Gari tun 'yan atamfa ba su ɗaga ƙofofinsu ba. Shagonta bai fi faɗin tabarma biyu ba. A kan kantar shagon, rediyon oba-oba goma sha biyu na masu gadin layin sukan kwana a caji, sun jeru kamar 'yan tsaki. Takan ɗauki ɗaya ta kunna, ta zuba wa ɗan gilashin fuskarsa ido. Haske ya taso kore-kore, ta ƙirga biyar a ranta, ya lumshe. Sai ta ajiye, ta ɗauki na gaba. Na sha tsayawa ina kallonta har in manta yadin da na zo saye.

Shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya, kuma na lura abin da kowa ya yarda da shi a kasuwa galibi ba wanda ya taɓa gwadawa. Masu gadi sun yi imani cewa oba-oban da fuskarsa ke haske kullum shi ne mai ƙarfi, wanda ke lumshewa kuwa ya kusa mutuwa. Wasu har shanya batir suke yi a rana, wai ya farfaɗo. Dinatu ba ta musu da kowa. Takan ce fitilar nan ma ci take, daga kwanon da murya ke ci. Ta rage wa kowa ita zuwa sakan biyar, suna ƙunƙuni tana murmushi, har suka ga rediyo na kai su magariba.

Sai na mutum ɗaya ya ƙi. Baba Mordecai, wanda ya shekara goma sha tara a ƙofar baya, oba-obansa ba ya wuce ƙarfe ɗaya na rana. A kira shi, shiru. Aka canza masa batir, duk ɗaya. Oga Ikechukwu, shugaban layin, mutum ne mai kirki amma ba shi da haƙuri, ya yanke cewa tsoho kashewa yake ya yi barci. Ya ce Juma'a za a zauna a sallame shi. Ranar Talata ya faɗi haka, a gaban shagon Dinatu.

Ita kuwa abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Kullum da safe takan saita fitilar rediyon tsohon a biyar, kullum da yamma ta tarar an mai da ita ta zauna a kunne. Mai barci ba ya neman haske.

Washegari ta rufe shago ta bi Baba Mordecai ƙofar baya, wani lungu da kwanon rumfuna ya rufe, ko da tsakar rana duhu-duhu ne. Janet mai sayar da zare ta ga abin da ya faru, ita ta ba ni labari. Ta ce sun tarar da Baba ya kai rediyon har kan hancinsa, yana juya shi, yana laluben lambar tasha. Maɓallan kan dannu a aljihu, tasha ta gudu, shi kuma lambar ta zame masa kamar abu a ƙarƙashin ruwa. Sakan biyar ba ya isarsa.

Dinatu ta ce, "Baba, tun yaushe ido ya fara?"

Ya sauke rediyon daga kan hancinsa. Ya ce tun damina biyu, kuma idan Oga ya ji, ai gara ma a ce barci yake.

Dinatu ta karɓi rediyon. Ta kulle maɓallan yadda tasha ba za ta ƙara motsawa ba, ta kashe fitilar ɗungurungum, ta ɗiga gam kamar ƙwayar gero a kan maɓallin magana don yatsa ya gane. Ta kama hannunsa ta ɗora. Ta ce daga yau ba sai ya duba ba, ya danna kawai ya yi magana. A ranar rediyon ya kai magariba da sauran ƙarfinsa.

Ran Juma'a ta gaya wa Oga cewa fitila ce ke shanye batir, ta gyara. Ya ce, "Madam Rediyo, kin tabbata ba rufa wa tsohon nan asiri kike ba?" Ta ce ya kira shi yanzu ya ji. Ya danna, kafin ya rufe baki murya ta taso daga ƙofar baya: "Ina jin ka, Oga. Ko kai ne ke barci?" Aka fashe da dariya, zama ya watse. Zancen ido ta bar wa mai idon. Shi da kansa ya faɗa bayan wata biyu, lokacin da ta raka shi asibitin Shika aka cire masa yanar ido.

Dinatu, ke ce mai kunnen da ke jin ciwon na'ura, ke ce wadda ba ta yanke wa batir ko mutum hukunci sai ta bi shi lungunsa. Ƙarshen watan nan za ki miƙa makullin shago, gwiwa ta gaji da hawa bas. Mun gode, 'yar'uwa. Ubangiji ya ba ki hutu mai daɗi a Samaru. Ku kuma masu gyara da masu shugabanci, in abu ya yi shiru a hannunku, ku taka ku je inda yake aiki ku gani kafin ku sa ranar zama.

Makon jiya ta ce wa Baba Mordecai, tunda ido ya dawo, bari ta mayar masa da sakan biyar ɗinsa kafin ta tafi. Ya janye rediyon ya rungume a ƙirji, babban yatsansa a kan ɗigon gam. Ya ce ta bar masa shi yadda yake.