Wanda Ke Tsaye Bayan Baba

Babana ya fito daga rumfar zaɓe a Argungu yana goge babban yatsansa da riga, fuskarsa kamar wanda ya dawo daga maƙabarta. Lokacin muna Jihar Sakkwato, ban daɗe da aure ba.

Alhajin da ya ƙwace mana fadamar shinkafa, shi Baba ya dangwala wa ƙuri'a. Mu da muke cika rumbu, mun koma awo a kasuwa.

Na ce, "Baba, mutumin da yah hana mu noma kaz zaɓa?"

Ya ce, "Kakanka ya dafa Alƙur'ani gaban uban Alhaji, cewa gidanmu ba shi juya musu baya. Da nis shiga rumfag ga, ina jin numfashinai bisa wuyana."

Kakana kuwa shekararsa goma sha biyu a kabari.

Dariya na yi ta yi har gida.

Baba ya rasu tuntuni. A zaɓen da ya wuce jikan Alhaji ya tsaya, na shiga rumfa da niyyar kayar da shi. Ina ɗaga yatsa sai na ji ƙanshin turaren Baba.

Kada ku tambaye ni wanda na zaɓa. Ku fa, wa ke tsayawa bayanku?