Yadda Aka Zarge Ni da Cin Kifin Jikata

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma a gidan masunta aka haife ni, a bakin kogin Yawuri. Tun ban san dama da hagu ba nake fasa kan tarwaɗa. Shi ya sa da na je Doha maganin gwiwa, na sauka wurin ɗana injiniya a Madinat Khalifa, aka naɗa ni sarkin ruwan gidan. Masarautar tawa kuwa wani akwatin gilashi ne a falo, da jajayen kifaye biyar na jikata, 'yar shekara shida, kowanne bai kai babban yatsana ba.

Sai talakawana suka fara mutuwa. Uwar yarinyar takan tsame gawar kafin 'yarta ta dawo makaranta, wai kada ta gani ta yi kuka. Ita kuwa jikar tawa ta ga kifi na raguwa, ba gawa, ga kuma tsohon da kullum yake ba ta labarin daɗin romon kifi. Ta haɗa biyu da biyu.

"Kaka, buɗe bakinka in gani."

"Ke, ni zan ci wannan abin? Ko kogon haƙorina ba zai toshe ba."

"To ina suka tafi?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ɗauko salatif ta liƙe murfin akwatin. Ta daina kawo mini shayi da safe, ta daina zama kusa da ni. Tsufa ya koya mini jure ciwon gwiwa, amma wannan bai koya mini ba.

Na sa ɗana ya kai ni katafaren kantin da aka sayo kifayen, irin wanda ake sayar da katifa da tumatir da talabijin ƙarƙashin rufi ɗaya. Ma'aikacin da muka tarar a wajen kifin ado ya ce yunwa ce, a ƙara abinci. Muka ƙara, ɗaya ya mutu. Muka koma, sai wani ne daban, ya ce ƙoshi ne, kuma a wanke akwatin tas, a zuba sabon ruwan famfo. Muka wanke a gaban idonta, ta mayar da salatif ɗinta, wani ya bi ɗan'uwansa. Na ukun ya dube ni da fuskar babban likita ya ce sanyi ne, ya miƙo mini na'urar ɗumama ruwa. A Doha! Garin da in rani ya yi, famfon ruwan sanyi ma yana iya fige kaza. Duk da haka muka saya, muka sa.

Da ya rage saura ɗaya, na hau tasi na koma ni kaɗai, da sandata da fushina. Ina tsaye ina ƙunƙuni sai na ji an ce, "Baba, sannu da zuwa." Wani ɗan zangon Kumasi ne cikin yunifom ɗin kantin, riƙe da 'yar koma.

Na ce, "Alhamdu lillahi, yau za a yi mini ƙarya da harshen da nake ji. Ɗana, a ina ka karanci kifi?"

Ya sosa ƙeya, ya nuna can ƙarshen kanti inda ake jera kifi kan ƙanƙara. "A can nake, Baba, ina kankare ɓawo ina cire hanji. Manaja ya ce kifi kifi ne, maza in dawo nan. Wanda na canja kuma daga wajen takalma aka kawo shi."

"To waɗannan naku, ya kuke yi ba sa mutuwa?"

Ya duba hagu da dama. "Wa ya ce ba sa mutuwa? Kafin a buɗe ƙofa nake kwashe na ranar. Sauran kuma ana saye kafin lokacinsu ya yi."

Muka tsaya muna kallon juna, mahauta biyu an ba su reno. Ashe duk faɗin kantin nan babu wanda ya taɓa ganin kifi ya tsufa.

Ban sayi komai ba. A hanya na tuna yadda uwata take ajiye tarwaɗa da rai a randa kafin ranar kasuwa: ba ta zuba musu ruwan da bai kwana ba, ba ta kwashe tsohon ruwan duka, ba ta damunsu da ciyarwa. Ban san ko kifin Turawa ya san wannan doka ba, amma dabarata ta ƙare. Na zare wayar na'urar ɗumi daga wuta. Na riƙa tara ruwa a bokiti ya kwana a falo, in ɗebi kaɗan in mayar da kaɗan ta 'yar kafar abinci, don salatif ya fi ƙarfina. Wanda ya matso da gwangwanin abinci kuwa, ko injiniya ne, sanda.

Kifin ya ƙi mutuwa. Har tumbi ya yi.

Ana gab da komawata gida, jikata ta zo da shayi, rabinsa a faranti. Ta ɓare salatif ɗin da kanta, ta zuba mini ƙwayar abinci a tafin hannu.

"Ka ba shi. Amma ina kallonka."

"Kin yarda yanzu ban ci ba?"

Ta yi nazari kamar alƙali. "Na yarda ka daina."