Hanyar da ta kewaye akurkin kaji

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, sana'arsa shimfiɗa hanyoyi a farfajiyar gidaje: daga ƙofar shiga zuwa baranda, daga baranda zuwa lambu. Abokan aikinsa suna ce masa Mai Igiya, domin ba ya aza dutse sai ya kafa turaku ya ja igiya ta miƙe sak. Ni akawu ne, kuma tun ina saurayi nake son kallon aikinsa saboda yadda yake bin abu daki-daki. Sai ya haƙe ƙasa, ya zuba tsakuwa ya danne ta, ya bi da yashi, sannan ya jera duwatsu yana buga su da gudumar roba. Kullum yakan bar ɗan gangare don ruwan sama ya sami mafita. Amma tsakar gidansa ƙasa ce zalla har ya yi furfura.

Ana nan sai idon matarsa, wadda muke kira Inna, ya fara dushewa, likita kuma ya ce ba zai dawo ba. Bayan ta zame a taɓon bakin famfo ta gurɗe hannu, babbar 'yarsu ta zo da magana: Inna ta koma wurinta, a gidan bene, inda akwai mai kula da ita.

"Ni da gidana?" in ji Inna. "A kai ni sama a ajiye kamar tsohon akwati?"

Kawu ya nemi a ba shi zuwa ƙarshen wata. Ya ce, "In ta iya zuwa famfo da kicin ita kaɗai, a bar mini tsohuwata. In ta kasa, ni zan ɗaure mata kayan."

Ya kama shimfiɗa mata hanya a tsakar gidan, ya zaɓi duwatsu masu kaushi don kada su yi santsi. A gefe da gefe ya zuba siririn layin tsakuwa, don in ta kauce ta ji ƙara a ƙarƙashin silifa. Daga ƙofar ɗaki zuwa famfo hanyar ta miƙe ba ko lanƙwasa. Ranar gwaji ina wurin. Inna ta taho lafiya lau, tana kaiwa tsakiya sai ta karkata hagu, ta taka tsakuwa, ta sauka kan ƙasa. Aka mayar da ita, ta sake yin haka.

"Tsohuwa, miƙe kawai," in ji Kawu. "Me kike nema a hagu?"

"Kai ka miƙe. Ni ba na ratsawa ta cikin kaji."

"Waɗanne kaji? Akurkin da na rushe tun 'yarki tana firamare?"

"Kai ka san ka rushe shi. Ƙafata babu wanda ya gaya mata."

Na zaci zai yi gardama. Amma ya kalli sawunta a ƙasa, sai ya tumɓuke turakun ya naɗe igiyar. Ya ce ta yi tafiyarta yadda ta saba, shi kuma ya bi ta a baya da gwangwanin farar ƙasa yana zana duk inda ta taka. Ashe zuwa kicin ma tana ratsewa ta shafi bishiyar lemo tukuna. Ya zana wannan ma.

Washegari ya ɗaga duwatsun tsakiya gaba ɗaya. Lanƙwasa tana cin aiki, don sai an sassaƙe gefen kowane dutse kafin ya zauna daidai da na kusa da shi, kuma sai da ya sake gyara gangaren. Ya yi bai yi ƙorafi ba.

Ƙarshen wata 'yar ta iso da jaka babu komai a ciki. Ta tsaya a baranda tana kallo. Inna ta ɗauki bokiti, ta kewaye filin tsohon akurkin da babu komai a kai, ta tari ruwa, ta shafi lemonta, ta shige kicin.

"Baba, wannan karkatacciyar hanya fa?" in ji 'yar. "In masu ba ka aiki suka gani?"

"Su zo su gani. Wa ya hana su?"

Daga kicin Inna ta ɗaga murya. "Ke, ajiye jakar nan ki zo ki yanka mini albasa. Hanya babanki ya gyara, ba ido ba."

'Yar ta cire agogon hannunta ta shiga.